Aji Ɗaya, Marayun Ɓangare Biyu

Kwana biyar aka yi ana ɓarin wuta a ƙarshen watan Yulin 2009. Rikicin ya tashi a Bauchi ranar 26 ga wata, ya tsallaka Potiskum da Wudil, amma a Maiduguri ya fi yin ƙamari. Sojoji suka rushe Markas, cibiyar Muhammad Yusuf, shugaban ƙungiyar Boko Haram, da ke unguwar Railway, ranar 30 ga wata kuma aka kashe shi kansa Yusuf ɗin yana hannun 'yan sanda. Gawar da aka kwashe a titunan Yerwa, wato Maiduguri, ta haura 700, da yawa rami ɗaya aka haɗa su aka binne. Hukuma ta ce an gama da fitina, kasuwa ta buɗe, mutane suka koma neman abinci.

An ƙirga gawa, amma ba wanda ya ƙirga matan da aka bari da goyo. Su ma kashi biyu ne. Matar ɗan sanda, ko ta soja, ko ta bawan Allahn da harsashi ya iske a bakin shagonsa, an shimfiɗa mata tabarma a ƙofar gida, an zo gaisuwa, an yi sadakar uku da ta bakwai. Ɗaya kashin kuwa, waɗanda a lokacin ake kira matan 'yan Yusufiyya, a ɓoye suka shiga takaba. Da yawansu ba su ga gawar mijin ba, balle su san inda aka sa shi. Maƙwabcin da jiya ake miƙa wa tuwo ta katanga ya daina amsa sallama, mai gidan haya ya fara neman ɗakinsa. Kada mu yi saurin zagin maƙwabtan nan. A wancan lokaci a gan ka kana shiga irin wannan gida ya isa a zo da mota cikin dare a ɗauke ka, kuma ba kowa aka ɗauka ya dawo ba.

A ƙasarmu ba a san maraya da kwana a waje ba. Bahaushe da Babarbare da Shuwa da Babur duk hanya ɗaya suke bi: in uba ya rasu, dangi su zauna bayan an share makoki, baffa ya ce a ba shi namijin, goggo ta ɗauki macen ta riƙe har ta aurar da ita daga ɗakinta, ƙaramin ya bi uwarsa, in ta sake aure ya zama agola a gidan wani. Ba takarda, ba alƙali, ba ma'aikacin gwamnati. Riƙo yana da nasa aibi, kowa ya san 'yar riƙon da ta zama baiwar gida, amma shi ya ɗauki marayun wannan ƙasa shekaru aru-aru. Sai dai abu biyu yake tsaye a kai: dangin su kasance suna raye da ɗan abin hannunsu, kuma kada su ji tsoron yaron. Yulin 2009 ya kawo tsoron. Shekarun da suka biyo baya suka cinye dangin da abin hannun nasu.

A nan labarin Barista Zannah Bukar Mustapha ya shigo. Lauya ne ɗan Borno, ya daɗe yana aiki a kotunan shari'ar Musulunci. Duk wanda ya taɓa zama a irin waɗannan kotuna ya san abin da ke cika su: rabon gado, ciyarwa, wa zai riƙe yaro. A 2007, shekara biyu kafin a harba harsashin farko, ya ajiye aikin lauya ya buɗe makarantar marayu da 'ya'yan marasa ƙarfi a Maiduguri, mai suna Future Prowess Islamic Foundation. Da yara 36 ya fara. Ba a biyan ko kwabo. Yaro zai samu karatu, da kayan makaranta, da abinci, da magani in ya kwanta ciwo. Har zuwa nan labari ne na mutumin kirki, kuma Alhamdulillahi garuruwanmu ba su rasa irinsu ba.

Abin da ya yi bayan Yulin 2009 shi ne ba kowa zai iya ba. Ya buɗe ƙofarsa ga 'ya'yan waɗanda aka kashe a matsayin 'yan ƙungiyar, a daidai lokacin da gari ya juya musu baya. Bai kuma ware musu wani aji can gefe ba. Ya zaunar da su tare da 'ya'yan 'yan sanda da sojoji da fararen hular da 'yan ƙungiyar suka kashe. Yaro ɗan shekara bakwai da ubansa ya mutu da bindiga a hannu, da wani sa'ansa da ubansa ya mutu cikin kaki, ga su benci ɗaya, riga iri ɗaya, malami ɗaya yana biya musu, in lokacin abinci ya yi layi ɗaya suke bi. Akwai Musulmi, akwai Kirista. Ya kuma sa 'ya'yan cikinsa a makarantar, wanda a wajena shi ne shaidar da ta fi kowace ƙarfi, domin mutum yana iya ba da kuɗinsa ga abin da bai gama yarda da shi ba, amma ba ya ba da ɗansa.

Wuta biyu ya shiga tsakani. Jami'an tsaro na iya cewa mai ciyar da iyalan 'yan ƙungiya ɗan ƙungiya ne, kuma wannan ba ƙaramin zargi ba ne a garin da daga 2011 zuwa 2012 aka riƙa kama mata da 'ya'yan shugabannin ƙungiyar ana tsarewa, a garin da daga baya Amnesty International ta ba da rahoton mutuwar ƙananan yara a tsare a Barikin Giwa. A ɗaya gefen kuma, makarantarsa ba ta allo zalla ba ce. Ana karanta Alƙur'ani da Larabci, ana kuma koyar da Turanci da lissafi da kimiyya, wato ainihin bokon da ƙungiyar ta samu sunanta a bakin jama'a saboda ƙinsa. Mata ma suna ciki, har sun kai rabin ɗaliban ko sun ɗara.

Akwai wani ɓangare na aikin da ba a cika ba shi haƙƙinsa ba in ana ba da labarin, ni kuwa shi na fi so a tsaya a kai. Zannah Mustapha bai tsaya kan yaran kaɗai ba, ya bi su har gida. Yawancin marayun nan iyayensu mata suna raye. A dubi irin wannan uwa da kyau. Shekarunta ba su fi ashirin da 'yan kai ba, tana da uku ko huɗu, ba ta taɓa fita neman kuɗi ba domin mijin ne ke cefane. Takaba ta wata huɗu da kwana goma ta ƙare, ɗan hatsin da ya rage ya ƙare tare da ita. Ta sayar da katifa, ta sayar da kwanonin jere. Abin da ya saura mata bai wuce ta ɗora wa babbar tiren talla ba, ta tura namijin bara ko ta miƙa shi ga wani malami a wani gari, ita kuma ta karɓi auren duk wanda ya zo, ko da ya ce ba ya son agola. Ko ka ɗauki ɗanta a makaranta kyauta, in ba a hura wuta a gidan ba, ba zai yi wata uku yana zuwa ba. Cikin da ya kwana da yunwa shi zai cire shi, ba sai Boko Haram ta zo ba.

Shi ya sa ya haɗa matan cikin ƙungiya, aka nema musu tallafin abinci da sana'a da ɗan jari, har adadinsu ya kusa 600. A nan ma bai raba su ba, matar wanda ya yi kisa da matar wanda aka kashe inuwa ɗaya suke zama. Amfanin wannan a bayyane yake. Yaron zai tashi daga makaranta ya koma ɗakin uwarsa, ko na kakarsa, ko na goggon da ta ɗauke shi, ya kwana cikin 'yan'uwansa, ya tashi ya san danginsa da unguwarsu. Ba a ƙwace shi daga hannun mai riƙonsa ba, mai riƙon aka ƙarfafa. Masu kuɗinmu da gwamnatocinmu sun fi son gina gidan marayu mai katanga da allon suna, domin shi ake gani, shi ake yanke ƙyalle a buɗe. Yana da ranarsa, ga yaron da ba shi da kowa. Amma yaron da ke da uwa ko kaka, kuɗin da za a kashe a raba shi da ita ya fi wanda za a kashe a tsayar da ita da ƙafarta, kuma ba ma'aikaciyar da za ta tashi tsakar dare saboda zazzaɓinsa kamar yadda ita za ta tashi.

Fitinar da aka ce ta mutu ta dawo a 2010 ƙarƙashin Abubakar Shekau, ta fi da muni. Aka fasa gidan yarin Bauchi a watan Satumba, aka shiga harbe mutane a kan babur a unguwannin Maiduguri, sai bama-bamai. A watan Mayun 2013 aka sa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, aka katse layukan waya, samarin gari suka ɗauki gora da adda suna tare hanya. Daga nan makarantu suka zama abin hari kai tsaye. Mamudo a Yulin 2013, kwalejin aikin gona ta Gujba a Satumba, sai Buni Yadi a Fabrairun 2014, inda aka kashe yara maza a ɗakunan kwanansu. A watan Maris gwamnatin Borno ta rufe makarantunta na sakandare. Zuwa 2017 UNICEF ta ƙiyasta malamai sama da 2,295 aka kashe a Arewa maso Gabas, makarantu kusan 1,400 aka lalata, fiye da rabin makarantun Borno kuma suna rufe.

Duk tsawon wannan lokaci makarantar Zannah Mustapha ba ta rufe ba. Masu ƙorafi sun ce ai dole, tunda 'ya'yansu na ciki. To, haka ne, 'ya'yansu na ciki, kuma ban ga abin kunya a nan ba. Bai ɗauki yaran don su zama garkuwarsa ba, domin a 2009 ba wanda ya san ƙungiyar za ta sake ɗagowa, ba abin da ɗaukarsu zai jawo masa a lokacin sai zargi. In daga baya alherin ya kare ginin da sauran yaran da ke ciki, har da 'ya'yan sojoji, wannan ba laifi ba ne da za a nemi ya wanke kansa daga gare shi.

Daga tsakiyar 2014 garuruwa suka fara faɗuwa ɗaya bayan ɗaya: Gwoza a Agusta, Bama a Satumba, Baga da Monguno a Janairun 2015. Jama'a suka kwararo Maiduguri a ƙafa, har yawan mutanen garin ya kusa ninkawa. Duniya ta ga hotunan sansanonin Bakassi da Dalori, amma mafi yawan 'yan gudun hijirar ba a sansani suka sauka ba, a gidajen mutane suka sauka. Magidanci mai ɗaki uku ya wayi gari da mutum talatin, an cika zaure, an kafa rumfa a tsakar gida, tukunyar da ake ɗorawa don mutum takwas aka ƙara mata ruwa. Cikin masu zuwan akwai yaran da suka rabu da iyayensu a daji, wata tsohuwa ta riƙo hannunsu a hanya, suka zama nata daga ranar. Talakawan Yerwa sun yi riƙon da ba gwamnatin da ta taɓa yin irinsa, kuma ba a ba su lambar yabo ba. Gwamnatin jihar ta lokacin Kashim Shettima ta ce rikicin ya bar marayu sama da dubu 50 da zawarawa sama da dubu 50. A 2016 Zannah Mustapha ya buɗe makaranta ta biyu 'yan kilomitoci kaɗan daga ta farko, da yara 88, dukkansu 'yan gudun hijira. Ya kuma ba da filinsa ga iyalai wajen 800 su noma, aka sa musu famfon ban-ruwa, suna ci suna kai saura kasuwa.

A daren 14 ga Afrilun 2014 aka kwashe 'yan mata 276 daga makarantar sakandaren gwamnati ta Chibok. 57 suka kuɓuta tun a farko, wasu ta hanyar dirowa daga mota. Sauran aka shige da su daji. Duniya ta ɗauka, shugabannin manyan ƙasashe suka yi magana, aka turo jiragen leƙen asiri da ƙwararru. Shekara biyu ta wuce ba a karɓo su ba. An yi ta ƙoƙarin sulhu yana wargajewa, har an taɓa sanar da tsagaita wuta a Oktoban 2014 wadda ta tashi a banza. Matsalar ba ta rashin masu son shiga tsakani ba ce. Mutumin da ɓangarorin biyu za su yarda da maganarsa shi aka rasa.

Sai ga shi mutumin, Zannah Mustapha, yana Maiduguri yana lissafin buhunan shinkafar ɗalibai. Waɗanda ke cikin daji sun san wanda ya riƙe matan 'yan'uwansu da 'ya'yansu lokacin da kowa ya guje su. Gwamnati ta san lauya ne da bai taɓa ɗaukar makami ba, kuma marayun jami'anta na hannunsa. Da taimakon gwamnatin Suwizalan aka ɗinke zaren tattaunawa, ƙungiyar agaji ta Red Cross ta ƙasa da ƙasa kuma ta ɗauki nauyin jigila a matsayinta na wadda ba ta da ɓangare. Ranar 13 ga Oktoban 2016, a yankin Banki kusa da iyakar Kamaru, aka miƙa 'yan mata 21, ɗaya da yaro a hannu. Wannan ya nuna wa kowane ɓangare cewa ɗayan zai iya cika alkawari. Ranar 6 ga Mayun 2017 Zannah Mustapha ya sake shiga daji.

Yadda aka yi miƙawar ya cancanci a tsaya a kansa. An fito da 'yan matan cikin dogayen hijabai, ga mayaƙa da bindigogi a kewaye. Aka riƙa kiran suna ɗaya bayan ɗaya daga takarda, wadda aka kira ta fito, a tabbatar ita ce, ta wuce wajen motocin Red Cross. Mutum 83 aka yi yarjejeniya a kansu. Ɗaya ta ce ba za ta tafi ba, ta yi aure a can, aka bar ta. 82 suka shiga mota. Wannan guda ɗayar tana nuna irin ɓarnar da shekara uku a hannun masu garkuwa ke yi wa yarinyar da aka ɗauke tana shirin rubuta jarrabawa. Kashegari sauran suna Abuja gaban Shugaba Muhammadu Buhari. Jimilla 'yan mata 103 suka dawo ta wannan hanya, kuma ba wata hanya, ta soja ko ta siyasa, da ta dawo da adadin da ya kai haka daga cikin 'yan Chibok.

Ba kyauta aka sako su ba. Gwamnati ta amsa cewa ta saki wasu 'yan ƙungiyar da ke tsare a musayar ta biyu, jaridu sun kuma ruwaito cewa an biya kuɗi, abin da hukuma ta musanta. Masu cewa irin wannan ciniki yana ƙara wa masu satar mutane ƙwarin gwiwa suna da hujja, kuma abin da ya faru a Dapchi a 2018, da Ƙanƙara a 2020, da Jangebe a 2021 bai ƙaryata su ba. Wannan nauyi ne a wuyan masu mulki, su suka yanke abin da za a bayar. Shi Zannah Mustapha abin da ya kawo teburin amana ce, wadda ya tara tun 2009 da kwanon abinci da kayan makaranta, ba tare da ya san ranar da za a buƙace ta ba.

A watan Satumban 2017 Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanar da shi a matsayin wanda ya ci lambar yabo ta Nansen, wadda ake bayarwa tun 1954, aka miƙa masa a Jeneba a farkon Oktoba tare da dala dubu 150 don ci gaba da aikin. A lokacin ɗaliban da suka fara su 36 sun kai 540. A 2019 ya shiga cikin mutum uku na ƙarshe a lambar Aurora, a 2021 kuma CNN ta sa shi cikin gwarazanta goma na shekara, lokacin yaran da suka ratsa hannunsa sun haura 2,000. Amma a shekarar da ya karɓi Nansen ɗin, dubban yara ne sunayensu ke rubuce suna jiran gurbi. A ajiye 540 kusa da dubu 50, za a ga iyakar abin da mutum ɗaya zai iya, komai zuciyarsa.

A watan Mayun 2021 Shekau ya mutu a dajin Sambisa a faɗansa da ISWAP, ɓangaren da ya ɓalle daga ƙungiyar. Cikin watannin da suka biyo baya dubun-dubatar mutane suka fito daga daji suka miƙa wuya, kuma mafi yawansu ba mayaƙa ba ne, mata ne da yara. Aka tara da yawa a sansanin alhazai na Maiduguri. Cikin yaran nan akwai waɗanda a daji aka haife su, ba su taɓa ganin allon aji ba, ba a taɓa yi musu rigakafi ba, wasu uwayensu sato su aka yi aka aurar da su dole. A ƙarshen shekarar Gwamna Babagana Umara Zulum ya shiga rufe sansanonin gwamnati da ke cikin Maiduguri, aka fara mayar da mutane garuruwansu. Can a Bama da Gwoza da Konduga, yarinyar da ta dawo da goyo tana iske wasu dangin sun karɓe ta sun ƙi ɗan, ana nuna shi ana cewa jinin ubansa ne a jikinsa. Waɗanda aka yanka musu iyaye a gabansu ba za a ce su manta ba, ba kuma mai hankalin da zai raina ciwonsu. Amma yaron shekararsa huɗu, bai kashe kowa ba, kuma dole wani gida a garin ya buɗe masa ƙofa, wata makaranta ta rubuta sunansa, a kuma sa wa uwarsa ko kakarsa abin da za ta ciyar da shi a hannu. A Maiduguri an yi hakan tun 2009, an ga yaran sun zauna lafiya da juna, wasunsu sun gama sakandare sun wuce gaba. Irin waɗannan yara yanzu dubbai ne a ƙananan hukumomin Borno, kuma yawancinsu ba su samu gurbi ba tukuna.